Kwalekwalen Dufuna

A watan Mayu na 1987, lokacin da rani ya kai maƙura kuma shanu suka fara ramewa, wani Bafulatani makiyayi ya shiga haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a fadamar kogin Komadugu Gana, tsakanin Potiskum da Gashuwa. A wancan lokacin yankin yana cikin jihar Borno, domin sai a 1991 aka yanke jihar Yobe daga cikinta. Ruwa yake nema wa dabbobinsa. Da ramin ya yi zurfin kusan mita 5, sai abin haƙarsa ya ci karo da wani abu mai tauri. Ya share laka, ya ga baƙin itace kwance, da alamar hannun mutum a jikinsa.

Abin da ya yi daga nan shi ne ya fi burge ni a duk labarin. Mutumin da ƙishirwa ta dami garkensa yana iya sare itacen ya wuce, babu mai tuhumarsa. Shi kuwa ya dakata, ya kai magana wurin mai gari, maganar ta hau sama har ta kai ga hukuma. Duk abin da aka sani yau game da wannan itace, wanda ashe kwalekwale ne, daga wannan dakatawar ya faro.

Jami'ar Maiduguri ce ta fara zuwa duba wurin a 1989 da 1990. A 1994 aka yi babban tono, ƙarƙashin jagorancin Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt a Jamus. Leburori kusan 50 suka shafe mako 2 suna kwashe ƙasa, suna ratsa yashi da yumɓu hawa-hawa, kafin jirgin ya bayyana gaba ɗayansa. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin bangonsa kamar santimita 5. Daga gungume guda aka fafe shi, goshinsa da wutsiyarsa an fiƙe su tsaf. Lakar da ta rufe shi ta hana iska shiga, shi ya sa itacen bai ruɓe ba.

An ɗebi ɓarɓashinsa aka aika ɗakunan bincike biyu a Jamus domin awon shekaru, sakamakon ya zo kusa da juna: kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi daɗewa, a duniya ma kaɗan ne suka girme shi, kamar na Pesse da aka tono a ƙasar Holan. Ya riga dalar Masar da shekara fiye da 3,000.

Duk wanda ya taɓa zama kusa da masassaƙi yana fafe turmi ya san wahalar aikin: gizago yana sauka, ɓawo yana tashi kaɗan-kaɗan, hannu ɗaya yana shafa ciki don jin inda kauri ya rage. Wannan da ƙarfe ke nan. Masu jirgin Dufuna ba su san ƙarfe ba, da dutse suka yi aikinsu, kuma suka sirantar da bango mai tsawon mita 8 ba tare da sun huda shi ba. Wannan ba aikin ɗan koyo ba ne. Masanan da suka tono shi ma a kan haka suka tsaya, cewa sana'ar ta daɗe a hannun mutanen kafin a sassaƙa wannan.

Mai bin hanyar Potiskum zuwa Damaturu a watan Afrilu, yana kallon ƙura da ƙaya ta tagar mota, da wuya ya yarda an taɓa buƙatar jirgi irin wannan a nan. Amma a wancan zamani damina ta fi ta yau nauyi nesa ba kusa ba. Sahara kanta tana da ciyawa da tafkuna. Tafkin Chadi ya cika ya batse har ya haura murabba'in kilomita 300,000, kuma tsohon bakinsa yana nan har yau, wato dogon tudun yashin da ya bi ta Bama da Maiduguri. Kogunan da ke gangara cikinsa, har da Komadugu Gana, su ne hanyoyin mutane.

Mu kwatanta da wani wuri. A can cikin tekun Fasifik akwai tsibirin Rapa Nui, wanda Turawa ke kira Ista saboda a ranar idin Ista na 1722 wani Bature, Jacob Roggeveen, ya isa can. Yana nesa da gaɓar ƙasar Chile da kilomita fiye da 3,500, amma matafiya suna goya jaka su je don ganin manyan gumakan dutse kusan 900 da ke can, suna tambayar yadda aka sassaƙa su da yadda aka ja su. Kakannin mutanen tsibirin a kwalekwale suka isa, wajen shekara 800 zuwa 1,000 da suka wuce. Lokacin da suka sauka, jirgin Dufuna ya riga ya yi shekara kusan 7,000 a cikin laka. Shi ya sa nake jin ciwon yadda ɗalibi zai gama sakandare a Potiskum bai taɓa jin sunan Dufuna ba, alhali ƙaramar hukumar Fune, inda ƙauyen yake, maƙwabciyarsa ce.

Bayan tono, an ɗago jirgin aka kai shi Damaturu, aka jiƙa shi cikin sinadari, domin itacen da ya sha ruwa dubban shekaru yakan tsattsage idan ya bushe farat ɗaya. A Damaturun yake, tafiyar kusan kilomita 100 daga tashar motar Potiskum.