Zuri'ar Adams

Zuri'ar Adams fitaccen gidan siyasa ne daga jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka. Gidan ya fitar da shugabannin ƙasa biyu, uba da ɗa, kuma uba da ɗa da jika duk sun wakilci Amurka a Landan. Kakansu Henry Adams ya yi ƙaura daga Ingila zuwa garin Braintree wajen shekarar 1638.

John Adams

An haifi John Adams a shekarar 1735. Lauya ne da ya yi suna a 1770, lokacin da ya tsaya wa sojojin Birtaniya da aka tuhuma da kashe mutane a Boston. Yana cikin mutum biyar da aka ɗora wa tsara takardar shelar 'yancin kai a 1776, kuma ya sa hannu a yarjejeniyar Paris ta 1783 wadda ta kawo ƙarshen yaƙi da Birtaniya. Shi ne mataimakin shugaban ƙasa na farko, sannan shugaba na biyu daga 1797 zuwa 1801. Sulhun da ya nema da Faransa ya raba kan jam'iyyarsa, ya sha kaye a hannun Thomas Jefferson a zaɓen 1800. Su biyun sun mutu rana ɗaya, 4 ga Yuli, 1826.

John Quincy Adams

Ɗansa John Quincy, wanda aka haifa a 1767, ya yi jakadanci a Holan da Rasha da Birtaniya. Yana sakataren harkokin waje ne aka ƙulla yarjejeniyar 1819 da ta mayar da Florida hannun Amurka daga Sifaniya. Majalisar wakilai ce ta zaɓe shi shugaba na shida a 1825, domin babu ɗan takarar da ya sami rinjaye. Kamar mahaifinsa, wa'adi ɗaya ya yi, Andrew Jackson ya kayar da shi a 1828.

A 1831 ya shiga majalisar wakilai, inda ya yaƙi ƙa'idar da ta hana sauraron koke-koke kan bautar da bayi har aka soke ta a 1844. A 1841 ya kare 'yan Afirka da suka ƙwace jirgin ruwan Amistad a gaban kotun ƙoli, aka sake su, suka koma Saliyo. Ya mutu a ginin majalisa a 1848.

Charles Francis Adams

Jikan John Adams, Charles Francis (1807 zuwa 1886), ya yi takarar mataimakin shugaban ƙasa a 1848 a jam'iyyar da ke adawa da yaɗuwar bauta, amma bai yi nasara ba. Abraham Lincoln ya naɗa shi jakada a Landan a 1861. A lokacin yaƙin basasa, ya yi aiki tuƙuru don kada Birtaniya ta amince da jihohin kudu a matsayin ƙasa.

Daga baya

Bayansa tasirin gidan a siyasa ya ragu. Ɗansa Henry Adams ya shahara a rubutun tarihi, jikansa Charles Francis na uku kuma ya riƙe muƙamin sakataren sojojin ruwa daga 1929 zuwa 1933. Gidansu na gado da ke garin Quincy yanzu wurin tarihi ne da jama'a ke ziyarta.