Kiɗan ɗaki: mene ne shi, kuma ina takwaransa a ƙasar Hausa?

Kiɗan ɗaki, wanda ake kira musique de chambre da Faransanci, kiɗa ne na mutane kaɗan, daga biyu zuwa tara ko goma, da ake yi wa jama'ar da ta zauna don saurare kawai. Ba a rawa, ba a buƙatar lasifika, babu kuma shugaban da ke tsaye gaban makaɗa yana kaɗa musu sanda. Kowa da nasa zaren kiɗan, sai ya kasa kunne ga ɗan'uwansa ya san inda zai shiga.

Sunan ya fito ne daga ɗakunan fadojin Turai, inda sarakuna ke ajiye makaɗansu. Joseph Haydn (1732-1809), ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy aiki. Makaɗin fada ne, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya kasance ga Sarkin Gobir na Isa. Shi ne ya daidaita tsarin da ya fi shahara, na masu goge huɗu: ƙananan goge biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kaurin murya wanda ake kafa ƙafarsa a ƙasa. Ya tsara irin wannan kiɗa har 68.

A ƙarni na 19 kiɗan ya bar fada ya shigo gari. Ƴan kasuwa, likitoci da malaman makaranta suka riƙa kafa ƙungiyoyi, kowane mamba ya biya kuɗin shekara tun kafin a fara. Da wannan kuɗin ake kama zaure, a gayyato makaɗa, a fitar da jadawalin wasanni, galibi daga Oktoba zuwa Mayu ko Yuni. Abin da ake nufi ke nan idan aka ce ƙungiya ta sanar da kakar wasanninta. A maƙwabciya Najeriya akwai irinta a Legas, wato MUSON, wadda aka kafa a 1983, tana da zaurenta da makarantar kiɗa a unguwar Onikan.

Amma mutumin Sabon Maci, a kan hanyar Maraɗi zuwa Dakoro, ba ya buƙatar zuwa Legas kafin ya gane wannan kiɗa. Duk wanda ya taɓa zama a zaure da dare, mai gurmi na kaɗawa, mai ƙwarya na amsa masa, ya ji kiɗan ɗaki ko bai san sunan ba. Kayan kiɗan tsirkiya na Hausawa kusan duka don ƙaramin taro aka yi su. Gurmi ƴar ƙwarya ce da aka rufe da fata, mai tsirkiya biyu ko uku. Goge tsirkiyarsa ɗaya ce, ta gashin wutsiyar doki, kuma kukuma ƙanwarsa ce. Garaya ta mafarauta ce da ƴan bori, ana raka ta da caki. Kuntigi kuwa, wanda Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya guda. Haruna Uje ya yi suna da gurmi, Garba Sufa da kukuma. Waɗannan kaya muryarsu ba ta kai ta kalangu ko ganga ba. Idan taro ya yi yawa, hayaniya ce ke cinye su.

Kakar wasa ma akwai ta, sai dai ba a rubuce take ba. Da zarar an yanke gero an kai rumbu, wajajen Oktoba, bukukuwan aure da suna sukan yawaita, kokowa ta kankama, makaɗa su shiga yawo gari-gari har zuwa faɗuwar ruwan farko.

Inda hanyoyin biyu suka rabu shi ne wajen biya. Makaɗin ƙungiya a Turai ya san ladarsa tun kafin ya ɗauki gogensa, don haka yana iya yin kiɗa na rabin awa ba tare da ya ambaci kowa ba. Makaɗin Hausa kuwa a fagen yake samun nasa, daga hannun wanda ya ji sunansa ya taso ya yi masa kari. Dole kiɗan ya bi wannan: a katse shi a wasa wane, a koma, a sake katsewa. Ba gazawar makaɗi ba ce, hanyar cin abincinsa ce. Illarta ita ce, taken da babu sunan mai kuɗi a cikinsa ba ya samun mai saye, kuma sannu a hankali ya daina samun mai koyo. Ga kuma kallon da ake yi wa sana'ar: ana haɗa goge da bori da gidajen shagali, iyaye da yawa ba sa son ɗansu ya taɓa shi. Yanzu kuma, a bukukuwa da dama, lasifika da katin waya sun maye gurbin makaɗin gaba ɗaya, don sun fi araha.

A Mali an gwada wata hanya. A 2009 Ballaké Sissoko, mai kora mai tsirkiya 21, da Bafaranshe Vincent Ségal, mai babban goge, sun fitar da faifan da suka naɗa cikin dare a Bamako, a ɗakin naɗar sauti na Salif Keita. Sunan faifan Chamber Music, wato kiɗan ɗaki, kuma ya kai su manyan zaurukan Turai da Amurka.

A Nijar, ƙarfin hukuma ya fi karkata ga manyan taruka: bikin matasa na ƙasa da aka fara a zamanin Seyni Kunce, da gasar Ɗan Gurmu ta Tawa, wadda ta fi mayar da hankali ga kiɗan zamani. Cibiyar CFPM Taya da ke Yamai, wadda aka buɗe a 1989, ita ce ke koyar da kiɗa tana kuma adana kayan kiɗan gargajiya. Adanawa a cikin ɗaki dai ba ta sa kaya su yi sauti.

Labarin biram ya nuna abin da ke iya faruwa. Kayan kiɗa ne mai tsirkiya biyar, mai siffar kwalekwale, na Buduma masunta na Tafkin Cadi. A farkon shekarun 2000 gwaninsa guda aka sani, wani dattijo mai suna Bukar Tar. Malam Mamman Barka, ɗan Teskar, malamin makaranta wanda ƴan Nijar suka sani da gurmi, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya tafi wajen dattijon ya zauna ya koya. Bayan rasuwar Bukar Tar, Barka ne ya ɗauki biram zuwa Turai, shi da mai kaɗa masa ganga, Umaru Adamu, su biyu rak, kuma faifansu ya fito a Ingila a 2009. Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018.