Karyewar Laka da Garkuwar Jiki: Tarihin Wata Tambaya

Bahaushe idan ya ga mutum ya yi laƙwas sai ya ce ba shi da laka. Maganar ta fi yadda ake zato zurfi, gama laka, watau wannan farar igiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, ba motsi da ji kaɗai take ɗauke da su ba. Abin da zan bi tarihinsa yau shi ne tambaya guda: me ke kashe wanda lakarsa ta karye?

Wata takardar likitancin Misira, wadda aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda kuma Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862, ta kawo labarin mutumin da wuyansa ya goce, hannuwa da ƙafafu suka mutu, fitsari na zuba ba da saninsa ba. Hukuncin marubucin shi ne kada a yi masa magani. A kan wannan hukunci duniya ta zauna fiye da shekara dubu uku. A Yaƙin Duniya na Farko, likitan Amurka Harvey Cushing ya ba da rahoton cewa kimanin 80 cikin 100 na sojojin da suka ji rauni a laka sun mutu cikin 'yan makonni. Amma fa ba karayar ce ke ɗauke su ba. Gyambon kwanciya ne ke cin nama har ƙashi, mafitsara ta ruɓe, cutar ta hau zuwa ƙoda, daga nan ta shiga jini.

Wanda ya karya wannan hukunci shi ne Ludwig Guttmann, Bayahuden Jamus da ya gudo daga Breslau zuwa Ingila a 1939. A watan Fabrairu na 1944 gwamnatin Ingila ta ba shi sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Dabararsa ba ta da wani ƙyalli: a juya majiyyaci kowane awa biyu, dare da rana, a kuma riƙa zura bututu mai tsabta a kwashe fitsari a cire, maimakon a huda mara a bar bututu a ciki. Gaskiya ne fenisilin ya iso a daidai wannan lokaci, amma a ganina hannun masu jinya ya fi allura aiki a nan. Mutane suka fara rayuwa, har a ranar 29 ga Yuli, 1948, mutum 16 suka yi gasar harbin baka a kan kekunansu a harabar asibitin, gasar da ta zama tushen wasannin nakasassu na duniya da aka fara a Rum a 1960.

To, sai dai da aka tsare ƙoda, sai ciwon huhu da gubar jini suka hau gaba cikin abubuwan da ke kashe su, ko da bayan shekaru da raunin. Likitoci suna da amsa a hannu, kuma ba ƙarya ba ce: wanda naman ƙirjinsa ya mutu ba ya iya tari, majina ta taru a huhu, ga bututu, ga zaman asibiti. Watau an ɗauka ƙofofi ne suka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Ba a cika tambayar ko masu gadin gidan su ma sun raunana ba.

Amsar kuwa tana kwance cikin wani aikin Guttmann da kansa. A 1947 shi da David Whitteridge sun bayyana yadda, ga wanda rauninsa ke sama da gaɓa ta shida ta ƙashin ƙirji, cikar mafitsara kaɗai kan sa jini ya hau farat ɗaya, da ciwon kai da gumi. Dalili shi ne jijiyoyin da ke sarrafa kayan ciki sun rabu da ƙwaƙwalwa, suna aiki ba linzami. Su dai waɗannan jijiyoyi su ne ke zuwa saifa, inda jiki ke tara dakarun garkuwa, ya kuma ƙera sinadaran kariyar da ke yawo cikin jini suna kama ƙwayar cuta.

Shekara 60 aka yi kafin a haɗa zaren biyu. A 2007 masu bincike ƙarƙashin Phillip Popovich a Jami'ar Jihar Ohio suka nuna cewa ɓeran da aka raunata a gaɓa ta uku ta ƙirji ba ya iya ƙera sinadaran kariya yadda ya kamata, alhali wanda aka raunata a gaɓa ta tara yana yi. A 2013 suka nuna cewa wannan hawan jini da Guttmann ya kwatanta, idan yana maimaituwa, yakan sa saifa ta ƙanƙance. A 2016 kuma Jan Schwab da abokansa na Berlin suka zuba ƙwayoyin cuta daidai wa daida cikin huhun ɓeraye, masu rauni a sama suka fi kamuwa.

Kada dai ɗalibi ya fita daga nan yana cewa garkuwar ta mutu baki ɗaya. Ta rikice ne. An sami jikin mai raunin laka yana ƙera sinadaran da ke juyowa su yaƙi naman jijiyarsa, yana fama kuma da kumburi na boye na tsawon shekaru. Ɓera kuma ba mutum ba ne: wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya gano cewa masu daɗaɗɗen raunin laka da aka yi wa allurar rigakafin mura sun ƙera sinadaran kariya kusan daidai da lafiyayyu.