Aljabara a bakin rumbu: yadda ake sanin ranar da hatsi zai ƙare

Yau bayaninmu kan wani reshe na lissafi ne da ake kira aljabara. Yaranmu na kwaleji suna haɗuwa da wani ɓangarensa a aji, da faransanci, ƙarƙashin sunan fonction. Mu a nan za mu ce masa ƙa'idar shiga da fita: ka ba ta adadi guda, ta mayar maka da amsa guda tak. Amfaninta ga magidanci shi ne ta gaya masa abin da ke zuwa tun bai zo ba.

Asalinsa

Kalmar aljabara Larabci ce. Ta fito daga sunan littafin Muhammad bin Musa al-Khawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Babban ɓangare na littafin kan lissafin gado da wasiyya yake, wato tun farko don warware matsalar gida aka yi shi. Rubutun f(x) da ɗalibai ke gani a allo kuwa, masanin lissafi Leonhard Euler ne ya shigo da shi a 1734.

Kalmomi uku

Ta farko ita ce mai canzawa: duk adadin da ba ya zama wuri guda, kamar kwanaki, tiyoyi ko kuɗi. Harafi ake sa masa a madadin lamba. Ta biyu iyakar shiga, wato lambobin da ya halatta a ba ƙa'idar. Ta uku iyakar fita, amsoshin da za su iya fitowa daga cikinta.

Misali mafi kusa yana bakinmu kullum. A kasuwa dala muke ƙirgawa, a takarda kuma sefa ake rubutawa. Idan d ita ce dala, s kuma sefa, to s = 5 × d. Dala 20 sefa 100 ke nan, dala 200 jika guda. Duk mai sayar da ƙosai tana aiki da wannan ƙa'ida ba tare da alli ba. Ku lura da iyakar fitarta: 5, 10, 15, haka dai. Ba cikakkiyar dalar da za ta ba ka sefa 7.

Lissafin rumbu

Mu ɗauki wani gida, a misali, da ya rage da buhu 10 na hatsi ranar 1 ga Nuwamba, bayan an fid da zakka, an ware iri, an biya bashi. Tiya tana kai kilo 2 da rabi, buhu mai kilo 100 kuma tiya 40 ne. Gidan yana da tiya 400 ke nan. Idan ana awon tiya 2 kowace rana, k kuma ita ce yawan kwanakin da suka wuce, abin da ya rage a rumbu shi ne R = 400 − 2 × k.

Bayan kwana 30, saura tiya 340. Bayan kwana 100, saura 200, an ci rabi. A kwana na 200 rumbu ya koma sifiri. Iyakar shiga a nan daga 0 zuwa 200 ce, iyakar fita kuma daga 400 zuwa 0. Wanda ya sa kwana 250 zai ga amsa ta fito −100. Rumbu ba ya ɗaukar abin da bai kai sifiri ba; abin da lambar ke cewa shi ne ƙa'idar ta wuce iyakarta, gidan kuma yana neman tiya 100 daga waje, ko da kuɗi ko da bashi.

To, kwana 200 daga 1 ga Nuwamba ya faɗa 19 ga Mayu. Lokacin ne ake jiran ruwan shuka, aikin gona na gaba, hatsi kuma ya saba tsada a kasuwa. Daga 1 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabon hatsi ke shigowa, kwana 334 ne, wato tiya 668. Giɓin tiya 268 ne, kusan buhu 7. Mai gidan da ya san wannan tun kaka zai iya saye da sauƙi, ɗan da ke ci-rani kuma ya san watan da aikensa ya fi amfani.

Sai dai ƙa'ida tana tsaye ne kan sharaɗinta. Mun ce tiya 2 kullum. Idan baƙi suka zo, aka yi suna ko biki, ko ƙwari suka shiga rumbu, har awon ya koma tiya 2 da rabi, kwanakin sun sauko 160, hatsi ya ƙare 9 ga Afrilu. Rabin tiya a rana ya cinye kwana 40. Shi ya sa ake sake lissafi duk wata, ana duba shi da abin da ido ya gani a rumbu.

Zakkar hatsi: ƙa'ida mai hawa biyu

Nisabin hatsi wasaƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Abin da bai kai haka ba, babu zakka a kansa. Idan ya kai, gonar da ruwan sama ya shayar ana fid da ɗaya cikin 10, wadda aka yi wa ban-ruwa da wahala kuma ɗaya cikin 20. A gonar damina, mai sa'i 299 ba komai a kansa, mai 300 zai ba da 30, mai 500 zai ba da 50. Iyakar fita ke nan sifiri, sannan daga 30 zuwa sama. Babu amsa a tsakani. Sa'i da tiya ba awo ɗaya ba ne, don haka a tuntuɓi malami wajen juyawa.

Ga masu aiko da kuɗi

Tun 1999 yuro guda sefa 655,957 ne, kamar yadda ake rubutawa da faransanci, wato ɗan ƙasa da sefa 656. Yuro 100 ya kusa sefa 65.600, kafin a cire kuɗin aike. Wannan ƙa'ida ba ta motsi. Naira kuwa canjinta na hawa da sauka, lissafin jiya ba lallai ya yi aiki yau ba. Iyakarsa ranar da aka yi shi.

Kafin a yarda da kowane lissafi, a yi tambaya uku: me ke canzawa, wace ƙa'ida ta haɗa su, kuma ina ta tsaya? Ku ba ɗan kwalejin gidanku yawan buhunanku da awon kullum, ya fitar muku da ranar. Allah ya sa albarka a rumbunanmu.