Faya-fayan Tatsuniya na Shekarun 1990: Me Ake Kewa a Cikinsu?

A shekarar 1992 kamfanin Broderbund na jihar Kalifoniya a Amurka ya fitar da wani faifan CD mai suna Just Grandma and Me, wanda aka ɗauko daga littafin yara na Mercer Mayer. Labarin bai taka kara ya karya ba: yaro ne kakarsa ta kai shi bakin teku a bas, iska ta fizge musu laima, suka yini suka dawo gida. Amma a kwamfuta shafin ya zama wani abu daban. Murya tana karanta jimla, kalmomin suna haskakawa bi da bi yadda ido zai bi kunne, kuma idan yaro ya latsa kalma guda sai a maimaita masa ita kaɗai. Da an gama karatun, hoton ya koma hannunsa. Duk inda ya kai linzamin kwamfuta, kan akwatin wasiƙa ko tsuntsu ko ramin bishiya, akwai abin da zai faru: wani ya rera waƙa, wani ya yi tsalle, wani ya yi abin ban dariya ya koma yadda yake. Ana iya sauraron labarin da Turanci ko Sifaniyanci ko Jafananci. Shi ne ɗan fari a jerin Living Books da Mark Schlichting ya ƙirƙiro, kuma yaran da suka taso da shi, waɗanda yanzu iyaye ne, har yau ba su daina zancensa ba.

Ana yawan ɗaukar wannan kewa a matsayin begen yarinta kawai. Ina ganin akwai abin da ya fi haka, kuma yana cikin yadda aka ƙera kayan da yadda aka sayar da su. Iyaye sun biya kuɗin faifan sau ɗaya a kanti, ciniki ya ƙare. Daga nan ba abin da faifan yake nema a wajen yaro. Babu talla, babu intanet, babu wani mataki da aka kulle sai an ƙara kuɗi, kuma ba a faɗuwa balle a ci maki. Hanyoyi biyu ne kacal: ko a karanta maka kana kallo, ko a bar ka ka yi wasa da shafi har ka gaji. Labarin yana da shafi na ƙarshe, kuma da an kai nan sai a tashi. Kamfanin ba ya samun ko sisi don yaro ya ƙara awa ɗaya a gaban allo. Ribarsa tana wajen uwar da za ta gamsu ta sayi na gaba, ta kuma gaya wa maƙwabciya. Shi ya sa ƙoƙarin masu zane da masu kiɗa ya tafi ga cika kowane shafi da abubuwan da za a gano, irin jirgin takardar da aka ɓoye a shafukan Arthur's Teacher Trouble, wani faifan na wannan jeri.

Fasahar lokacin ma ta ba da gudummawa. Ƙaramin faifan da ake amfani da shi kafin nan yana ɗaukar megabait 1.44 ne, shi kuwa CD kusan 650, abin da ya ba da damar saka muryar mutum da kiɗa na gaske. Ga yaron da bai iya karatu ba, murya ita ce ƙofa. An yi gwaji tun kafin haka, kamar The Manhole na 'yan'uwa Rand da Robyn Miller a 1988, amma sai da CD ya shiga gidaje kasuwar ta buɗe. Humongous Entertainment, da Ron Gilbert da Shelley Day suka kafa a 1992, ya zo da Putt-Putt da Freddi Fish da Pajama Sam. Kamfanin ɗab'i na Random House ya haɗa jari da Broderbund, abin da ya kawo littattafan Dr. Seuss cikin jerin Living Books. Disney ma ya shigo da labarin The Lion King a 1994, ko da yake wannan ya bar baya da ƙura, don faifan ya ƙi tashi a kwamfutoci da yawa da aka saya wa yara lokacin Kirsimeti.

Mai suka zai ce ai waɗannan abubuwan latsawa su ne suke raba hankalin yaro da labari. Wannan magana tana da tushe. A 2015 Zsofia Takacs da Elise Swart da Adriana Bus na Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan sun tattara binciken da aka yi kan littattafan yara na na'ura, suka gano cewa hoto mai motsi da sauti da suka dace da labari suna taimaka wa fahimta, amma wuraren latsawa da ƙananan wasanni sukan ɗauke hankali. Don haka wanda ya ce faya-fayan nan ne suka koya wa yaran Amurka karatu ya wuce gona da iri. Sai dai binciken ya auna fahimtar labari ne da koyon kalmomi, kuma ba wannan masu kewar suke tunawa ba. Abin da suke tunawa shi ne an sakar musu mara a cikin hoto, sun yi bincike ba wanda yake kora su. Ya kamata kuma a lura cewa a Living Books sai an gama karanta shafi wasa yake buɗewa, alamar masu aikin sun san haɗarin tun da wuri.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wa ya samu? Kwamfuta mai cin CD a farkon shekarun 1990 kayan masu hali ce ko a Amurka, ballantana a Kano ko Damagaram. Wayar hannu ta yau ta kai labari mai motsi gidajen da faifan Broderbund bai taɓa leƙawa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma arhar tana da farashi, kuma yaro ne yake biya da lokacinsa, wani sa'in iyaye da aljihunsu. A 2014 kamfanin Apple ya amince da hukumar kula da ciniki ta Amurka cewa zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5 na sayayyar da yara suka yi cikin manhajoji ba da izini ba. Irin wannan ƙara ba za ta taso a kan faifan da ba shi da hanyar karɓar kuɗi ba.

Yadda harkar ta mutu ma yana ƙarfafa wannan fahimta, don ba yara ne suka juya mata baya ba. Kamfanin SoftKey ya karya farashin faifai a manyan kantuna, ya sayi The Learning Company a 1995 ya ɗauki sunansa, sannan ya haɗiye Broderbund a 1998. Zanen hannu da ɗaukar murya na shafi bayan shafi aiki ne mai tsada, faifan arha ba ya iya biyansa. A 1999 Mattel, mai yin 'yartsanar Barbie, ya sayi kamfanin gaba ɗaya a kan sama da dala biliyan 3, ya tafka asara, shugabarsa Jill Barad ta sauka a 2000, kuma cikin shekarar Mattel ya rabu da kamfanin da ya saya ba tare da an karɓi kuɗi a hannu ba. Sai a 2012 kamfanin Wanderful ya sake fitar da wasu daga cikin littattafan a iPad, inda suka tarar da kasuwar da iyaye suka riga suka saba da manhajar kyauta.