Gwajin Biyayya a Jam'iyyar NPC da Abin da Ya Haifar a Ƙasar Kano, 1950-1967

Gabatarwa

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, ya ratsa Kura da Kadawa, ko ya karkata wajen Bunkure, zai ga gonakin alkama da shinkafa da tumatir kore shar, ruwan Tiga na bin magudanai a tsakaninsu. Injiniyoyi sukan ba da tarihin wannan aiki ta fuskar ma'auni da siminti. Amma yana da wani tarihi na siyasa, wanda saiwarsa ke cikin rigimar cikin gida ta jam'iyyar NPC, jam'iyyar 'yan mazan jiya da ta mulki Jihar Arewa har zuwa 1966. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, NPC ta auna 'ya'yanta da ma'aunin biyayya, kuma ranar da shugabannin da ake yi wa biyayyar suka raba gari, ma'aunin ya juyo ya ci masu shi.

Tankaɗe na Farko

An kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna cikin 1949, a matsayin ƙungiyar al'adu, Dokta R.A.B. Dikko yana shugabanta. Tun farko gida ne mai faɗi, domin Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, masu sukar mulkin En'e a fili, suna ciki tare da ma'aikatan En'e masu tsoron ɓacin ran sarakuna. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, 'ya'yanta kuwa ba su fita daga tsohuwar ƙungiya ba. A taron Jos na Disamba 1950 suka nemi a mai da ƙungiyar jam'iyyar siyasa mai neman gyara. Masu sassaucin ra'ayi suka ga sarakuna da Turawan mulki sun fara yi wa ƙungiyar kallon hadarin kaji, sai suka zartar cewa ɗan NEPU ba zai zama ɗan Jam'iyya ba. Wannan shi ne tankaɗe na farko.

Cikin Oktoba 1951 ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shigo. Zaɓen wannan shekara hawa-hawa aka yi shi. NEPU ta taka rawar gani a hawan farko cikin birnin Kano, amma a hawan ƙarshe, inda doka ta ba En'e damar cusa nata mutane, ko ɗan NEPU ɗaya bai tsallake ba daga Lardin Kano. Darasin da NPC ta ɗauka shi ne, ƙarfinta yana hannun sarakuna, saboda haka duk mai taɓa sarauta abin zargi ne. Alhaji Ibrahim Imam na Barno, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren jam'iyya, ya yi ta kiran a gyara En'e har zama ya gagara, ya fice cikin 1954.

Yadda Gwajin Yake a Ƙauye

A gundumomi irin su Kura da Rano, wadda Bunkure ke ƙarƙashinta a wancan zamani, ba a tambayar manomi abin da ya fahimta game da manufar jam'iyya. Hakimi da dagaci da mai unguwa su ne ke rubuta haraji da jangali, su ke shaidar iyakar gona, alƙali da ɗan doka da gidan yari kuma duk na En'e ne. Izinin yin lacca ma daga hannun En'e yake fitowa. Don haka gwajin ya zama na gani da ido: wace lacca mutum ya je, “Salama” yake amsawa ko “Sawaba”, fartanya ya jefa wa ƙuri'a ko tauraro. Ga talaka, bin Sarki da bin Jam'iyya abu guda ne, kuma muddin Sarkin Kano da Firimiya suna ɗasawa, babu mai ganin tsaga a jikin wannan gini.

Ranar da Biyayya ta Rabu Biyu

Sarki Muhammadu Sanusi ya hau gadon Dabo bayan rasuwar mahaifinsa Abdullahi Bayero a ƙarshen 1953. Ginshiƙi ne na NPC, minista ne a gwamnatin Kaduna, har ya riƙe muƙamin Gwamnan Jihar Arewa na ɗan lokaci cikin 1961. Kano ce ta fi kowane lardi yawan jama'a da gyaɗa da haraji, Sarkin kuwa ba ya ganin kansa a ƙarƙashin kowa. Akwai kuma bambancin ɗariƙa: shi babban jigo ne a Tijjaniyya, almajirin Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha, Sardauna kuwa yana ɗaukaka gadon Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda tushensa Ƙadiriyya ne. Cikin 1962 gwamnatin Kaduna ta naɗa Kwamishinonin Lardi, 'yan siyasa, a bisa kan hukumomin En'e, ta kuma ɗora wa D.J.M. Muffett binciken kuɗin En'en Kano. Bayan rahotonsa, Sarki Sanusi ya yi murabus cikin Maris 1963, aka kai shi Azare. Sarki Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya rasu bayan wata shida, aka naɗa Ado Bayero cikin Oktoba 1963.

A nan ne ma'aunin ya juye. Mutumin da jiya aka yaba masa don ya bi Sarki sau da ƙafa, yau shi ne abin tuhuma idan ya ci gaba da ambaton Sarkin. Magoya bayan Sanusi, waɗanda da yawansu 'yan NPC ne na gidi, 'yan kasuwa da malamai da muridan Tijjaniyya, suka kafa jam'iyyar KPP cikin 1963. Ba su zo da wata sabuwar aƙida ba. Sarauta suke so kamar yadda NPC ke so, sai dai sarautar da suka sani. Duk da haka aka bi su da irin sandar da aka daɗe ana bin NEPU da ita, wato hana lacca da kamu da ɗauri. Matsin ya tura su cikin ƙawancen NPF tare da NEPU da UMBC gabanin zaɓen 1964. Jam'iyyar da ta kori masu tsattsauran ra'ayi don ta tsare sarauta, ita ce ta kora masoyan Sarki zuwa inuwar Malam Aminu Kano.

Daga Ɓacin Rai zuwa Ruwan Tiga

NPC ta ci zaɓen 1964 a Kano, amma tabon bai warke ba. Attajiri da malami da ɗan boko, na Salama da na Sawaba, suka haɗu a kan koke guda: Kano ce ke cika baitulmali, Kaduna ke rabo. Daga nan kiran a ba Kano jiharta ya yi ƙarfi cikin 1965. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya kawo ƙarshen NPC, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, Kano na ciki. Dalilan Gowon na ƙasa baki ɗaya ne, domin yaƙin basasa na bakin ƙofa, amma ya tarar da Kanawa sun riga sun shirya karɓa.

Sabuwar jiha a ƙarƙashin Gwamna Audu Baƙo ta sa ruwa a gaban komai. Aka gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a kashin farko, daga baya cikin 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Aka auna gonaki aka sake raba su, ikon da dagaci ke da shi a kan iyakar gona ya ragu, jami'in ruwa ya samu bakin magana. Cikin 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci jihar, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, wato igiyar da NPC ta fi riƙe talaka da ita.

Kammalawa

Jam'iyyar da ta sa biyayya ga mutum a gurbin manufa ba ta da abin da za ta sasanta 'ya'yanta da shi idan manyanta suka saɓa, sai kora. Kowace kora kuwa ƙara wa abokin hamayya jama'a take yi. Ma'aikacin gwamnati da ke riƙe da rajistar fili ko makullin magudanar ruwa a Kura ko Bunkure ya dace ya tuna cewa magabatansa na En'e sun auna talaka da biyayya ga wani shugaba, shugaban ya sauka cikin wata guda, manomin kuwa yana nan a gonarsa.