Baƙin Haure da Siyasar Samame a Tsibiran Bahamas

Bahamas tarin tsibirai ne kimanin 700 da suka warwatsu a tekun Atilantika, daga gefen jihar Fulorida ta Amurka har zuwa kusa da Kuba da Haiti. Waɗanda mutane ke zaune a cikinsu ba su wuce talatin ba, kuma jama'ar ƙasar gaba ɗaya wajen 400,000 ne, mafi yawansu a tsibirin New Providence, inda babban birni Nassau yake. Haiti kuwa tana da mutane fiye da miliyan 11. Tsibirin Great Inagua da ke can kudu ya fi kusa da gaɓar Haiti a kan kusancinsa da Nassau. Duk wanda zai fahimci yadda mutanen Bahamas ke kallon baƙin haure, to ya fara riƙe waɗannan alƙaluma, domin a kansu aka gina tsoron da ake yi: ƙaramar ƙasa mai wadata tana maƙwabtaka da babbar ƙasa matalauciya, kuma babu abin da ya raba su sai ruwan da jirgin katako mai tafiya da iska zai iya ƙetarewa. A bakin mutumin Nassau, in an ce baƙon haure, ɗan Haiti ake nufi, ko da yake akwai 'yan Kuba da 'yan Jamaika da wasunsu a cikin waɗanda ake kamawa.

Zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu ta girmi kalmar haure. Tun zamanin juyin juya halin Haiti, wanda ya fara a 1791 ya ƙare da 'yancin kai a 1804, mutane suke tserowa zuwa Nassau. Cikin waɗanda suka iso suna yara har da Stephen Dillet, wanda ya zama tela, daga baya aka zaɓe shi a majalisar dokokin Bahamas a 1833, yana cikin mutanen farko masu jinin Afirka da suka zauna a wannan majalisa. Shi ne kakan marubucin nan na Amurka, James Weldon Johnson, ta wajen uwa. Bayan haka an daɗe ana fatauci tsakanin arewacin Haiti, musamman Port-de-Paix da tsibirin La Tortue, da tsibiran kudancin Bahamas, jirage na kai kayan gona suna komowa, ba wanda ya ɗauki abin a matsayin barazana.

Lamarin ya sauya ne a shekarun 1950, lokacin da abubuwa biyu suka haɗu. A Haiti, François Duvalier ya hau mulki a 1957, ya kafa mulkin kama-karya wanda ɗansa ya gada har zuwa 1986. A Bahamas kuwa yawon buɗe ido ya bunƙasa. Yarjejeniyar Hawksbill Creek ta 1955 ta haifi birnin Freeport, sannan juyin juya halin Kuba na 1959 ya karkato Amurkawa masu neman hutu daga Havana zuwa Nassau. 'Yan ƙasa suka bar gona da sarar daji suka koma otal-otal da ofisoshi da tuƙin tasi. Aikin adda da fartanya, da kwaɓa siminti, da sharar gida, da gonakin tsibirin Abaco, sai suka zama ba masu yi, kuma 'yan Haiti ne suka cike gurbin. Abin lura shi ne, a daidai wannan zamani mutanen Bahamas su ma 'yan ci-rani ne: daga 1943 zuwa tsakiyar shekarun 1960, kimanin mutum 30,000 daga cikinsu sun tafi ƙwadago a gonakin Amurka a ƙarƙashin wata yarjejeniya tsakanin gwamnatoci. Da yawa daga iyalan da suka ƙyamaci baƙon lebura daga baya, da kuɗin ci-rani suka gina gidajensu.

A watan Janairun 1967 jam'iyyar PLP ta Lynden Pindling ta karɓi mulki daga hannun tsirarun Turawa 'yan kasuwar titin Bay, kuma a ranar 10 ga Yulin 1973 ƙasar ta sami 'yancin kai daga Birtaniya. Sabuwar gwamnati ta zo da manufar fifita ɗan ƙasa a wajen aiki. Asalin manufar sama ta nufa, wato kujerun manajoji da akawu da Turawa baƙi suka mamaye. Amma taken da aka koya wa jama'a, cewa Bahamas ta mutanen Bahamas ce, bai san sama da ƙasa ba. Baturen banki yana da lauya da takarda. Lebura mai magana da harshen Kiriyol ba shi da ko ɗaya, shi ya sa taken ya fi sauka a kansa. Kafin 1979, lokacin da mai bincike Dawn Marshall ta fitar da littafinta The Haitian Problem, maganar "matsalar 'yan Haiti" ta riga ta zauna daram a bakin jama'a da jaridu.

Kundin tsarin mulkin 1973 ya ƙara wa al'amarin wani ƙulli wanda har yau ba a kwance ba. Haihuwa a ƙasar ba ta sa mutum ya zama ɗan ƙasa. Wanda aka haifa a Bahamas alhali iyayensa duka baƙi ne, sashe na 7 ya ba shi damar neman rajista idan ya cika shekara 18, kuma dole ya nema cikin wata goma sha biyu, kafin ya cika 19. In ya makara, dama ta wuce, sai dai ya bi doguwar hanyar da kowane baƙo ke bi. In ma ya nema a kan lokaci, takardunsa kan shekara da shekaru a ofis ba amsa. A bisa dokar Haiti, irin wannan yaro ɗan Haiti ne ta jini, amma sau da yawa bai taɓa ganin Haiti ba, kuma ba ya da wata shaida daga can. Ta haka aka tara dubban matasa da suka yi makaranta a Nassau, suna magana da karin harshen Nassau, amma buɗe asusun banki ko samun tsayayyen aiki yana gagarar su. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan raɓa dai ta kwana, ta wuni, har ta yi jikoki.

Salon da gwamnatoci suka riƙe tun farko shi ne samame da tasa ƙeya. A watan Nuwamban 1980 duniya ta ga wani ɓangare na wannan salo, sa'ad da 'yan Haiti fiye da ɗari suka maƙale makonni a ɗan tsibirin Cayo Lobos da ke kusa da Kuba, suka ƙi a mayar da su gida, 'yan sandan Bahamas suka loda su a jirgi da ƙarfin kulki, 'yan jaridar Amurka na ɗaukar hoto. A 1985 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya cewa waɗanda suka shigo kafin ƙarshen 1980 za a daidaita zamansu, sauran kuma a mayar da su. Rabin yarjejeniyar na biyu shi aka fi aiwatarwa da himma. Ministan tsaron ƙasa na lokacin, Loftus Roker, ya yi suna wajen tsananin samame, har sunansa ya zama ma'auni: duk lokacin da aka ga gwamnati ta yi sanyi, sai a ji masu kira a gidajen rediyo suna begen zamaninsa.

Sai dai ra'ayin jama'a a nan fuska biyu gare shi, kuma wanda ya kalli ɗaya kawai zai yi kuskuren fahimta. Mutumin da ya kira rediyo da safe yana neman a kwashe su duka, shi ne kuma da yamma zai tafi ofishin shige da fice yana roƙon a saki mai yi masa aikin lambu. Akwai wata magana da ta shahara a tsibiran, inda maigida kan ce "ɗan Haitina", kamar yadda zai ce motata ko gonata. Ana ƙin 'yan Haiti a jimlace, ana riƙe da ɗan Haiti a ɗaiɗaice. Takardar izinin aiki a hannun maigida take, shi ke nema, shi ke sabuntawa, ko da yake sau da yawa daga albashin leburan kuɗinta ke fita. Doka ta tanadi hukunci ga wanda ya ɗauki marar takarda aiki, amma motocin hukumar shige da fice unguwannin bukkoki suka fi sani, ba gidajen masu gine-gine da gonaki ba. Haka nan filayen da aka kafa waɗannan bukkoki, da yawansu akwai 'yan ƙasa da ke karɓar haya a kansu. An bar jaki ana dukan taiki, kuma masu zaɓe ba su cika matsa wa kowa ya juya kan jakin ba, tunda jakin na gida ne.

Wannan ba ya nufin koke-koken jama'a duka ƙage ne. Ƙidayar 2010 ta sami 'yan Haiti 39,144 cikin mutum 351,461, wato kusan kashi 11 cikin ɗari, kuma wannan kaso ne mai nauyi ga ƙasar da ba ta karɓar harajin albashi, take kuma ɗaukar nauyin makarantu da asibitocin gwamnati. Talakan da ya bi ƙa'idar gini, ya biya kuɗin fili da na lantarki, yana da hujjar jin haushi in ya ga an kafa gari guda a bayan gidansa ba izini, ba magudanar ruwa, gobara na tashi a kai a kai. Inda maganar ke kaucewa shi ne wajen lissafi. A hirar titi adadin kan ninka na ƙidaya sau biyu ko uku, kuma ana cusa kowa a buhu ɗaya: wanda ya sauka daga jirgi jiya, da mai izinin aiki na shekara ashirin, da wanda aka haifa a asibitin Nassau, har da ɗan ƙasa cikakke wanda sunan mahaifinsa kawai ke da amon Faransanci.

'Yan siyasa sun karanci wannan hali sarai. Daga 2002 zuwa 2021 babu zaɓen da bai kayar da gwamnati mai ci ba, mulki na kai da komo tsakanin PLP da FNM, kuma mazaɓu ƙanana ne, inda 'yan ɗaruruwan ƙuri'u ke raba gardama. Saboda haka kowace jam'iyya tana tsoron abu biyu: a ce ta yi laushi a kan baƙin haure, da kuma ta rasa ƙuri'un 'yan ƙasa masu asalin Haiti. Bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, Firaminista Hubert Ingraham ya saki 'yan Haiti kimanin ɗari daga sansanin tsare baƙi na titin Carmichael ya ba su izinin zama na wucin gadi, ya kuwa sha suka. A Fabrairun 2012 shugaban Haiti, Michel Martelly, ya ziyarci Nassau ya shawarci masu asalin ƙasarsa su haɗa kai su mara wa jam'iyyar da za ta kare muradunsu baya. Saura 'yan watanni a yi zaɓe, sai maganar ta zama makami, kowane ɓangare na zargin ɗayan da sayar da ƙasa. Zargin cewa gwamnati na rabon takardun zama ɗan ƙasa gab da zaɓe kuwa, kusan kowace jam'iyya ta yi shi tana adawa, ta kuma musanta shi tana mulki.

A ranar 1 ga Nuwamban 2014 gwamnatin PLP, ta hannun minista Fred Mitchell, ta fara aiki da sabuwar ƙa'ida: duk wanda ba ɗan ƙasa ba, har da haifaffen Bahamas, dole ya riƙe fasfon ƙasar iyayensa. Hotunan yara a hannun jami'ai suka bazu, wata 'yar majalisar jihar Fulorida haifaffiyar Haiti, Daphne Campbell, ta yi kiran a ƙaurace wa yawon buɗe ido a Bahamas. Sukar waje ba ta raunana manufar a gida ba, sai ma ta ƙara mata farin jini, don jama'a sun ɗauke ta a matsayin katsalandan. Da FNM ta karɓi mulki a 2017, Hubert Minnis ya ba marasa takarda wa'adin 31 ga Disamba su fice. A wannan shekara ce aka tasa ƙeyar wani mutum haifaffen Bahamas zuwa Haiti, alƙali ya umarci gwamnati ta dawo da shi a farkon 2018, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke umarnin. Sau biyu aka kai batun gyara dokar zama ɗan ƙasa gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama, a 2002 da 2016, don a daidaita maza da mata wajen gadar wa 'ya'yansu ƙasa, sau biyu aka yi watsi da shi. Dalilan ƙin suna da yawa, har da fushi da gwamnatin lokacin, amma tsoron buɗe wa baƙi ƙofa na cikinsu.

Guguwar Dorian ta faɗa wa Abaco a ranar 1 ga Satumban 2019. Unguwannin The Mudd da Pigeon Peas a garin Marsh Harbour, inda dubban masu asalin Haiti ke zaune cikin gidajen katako da kwano a ƙasa mai kwari, ruwa ya share su ƙaf. Hukuma ta tabbatar da mutuwar mutum 74 a ƙasar, wasu fiye da ɗari biyu kuma suka ɓace, kuma a irin waɗannan unguwanni akwai waɗanda ba sa cikin kowane rajista tun suna raye. Gwamnati ta dakatar da kame na ɗan lokaci, ta haramta sake gini a wuraren, sannan cikin 'yan makonni ta koma tasa ƙeya. Da aka zo sake gina Abaco kuwa, sai aka shiga neman magina da leburori, sababbin bukkoki suka tsiro a wasu dazuzzukan tsibirin.

A zaɓen Satumban 2021 PLP ta Philip Davis ta ci kujeru 32 cikin 39. Ƙungiyar 'yan takara masu zaman kansu ta Lincoln Bain, wadda ta fi kowa zafi a kan baƙin haure, ba ta sami kujera ko ɗaya ba, amma manyan jam'iyyun sun ji amonta. Rikicin Haiti ya tsananta bayan kashe shugaba Jovenel Moïse a Yulin 2021, jirage suka ƙaru, kuma a Yulin 2022 mutum 17 suka nutse kusa da New Providence a kan hanyarsu ta zuwa Miyami. A Fabrairun 2023 kotu ta ɗage umarnin da ya hana rusa unguwannin bukkoki tun 2018, kuma a Nuwamba motocin rusau suka shiga unguwar Kool Acres. A tsakanin waɗannan watanni, a Mayun 2023, kwamitin shari'a na fadar Sarkin Ingila, wanda har yanzu shi ne kotun ƙarshe ga Bahamas, ya yanke cewa ɗan da aka haifa a ƙasar ga uba ɗan Bahamas da uwa baƙuwa ba tare da aure ba, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwarsa. Abin da masu zaɓe suka ƙi a 2016, alƙalai a Landan ne suka tabbatar da wani sashe nasa. Hukuncin bai taɓa sashe na 7 ba, don haka wanda iyayensa duka baƙi ne yana nan da watanninsa goma sha biyu.